Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Kano: A Zo A Ga Asibitocin Yara Da Ƙarfe Biyun Dare

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Mai Girma Kwamishinan Lafiya, da shugabannin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da ya ɗora a wuyanku.

Ranku ya daɗe, ni malamar firamare ce a cikin birnin Kano, uwar 'ya'ya huɗu. Na biyunsu yana da amosanin jini, wato sikila. Shekararsa tara, kuma a shekarun nan tara ba zan iya ƙirga dararen da na kwana a kan tabarma a gindin gadon asibiti ba. Ba ni da ƙungiya, babu kuma wanda ya zaɓe ni. Sai dai duk matar da ta taɓa zaman jinya ta san irin zumuncin da ke ƙulluwa a ɗakin yara: wannan ta riƙe miki yaro ki je ki yi alwala, ke kuma ki tsiyaya mata ruwan zafi daga filas ɗinki, kafin kwana uku kun san sirrin gidajen juna. Da bakin waɗannan mata nake magana, da bakin mazajen da ke kwana a kan benci a waje suna jiran a miƙo musu takardar magani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne damina ta ƙarato, kuma mu masu jinya mun san abin da take zuwa da shi ɗakunan yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. An ci gaba, wanda ya ce ba a ci gaba ba bai san yadda ake ciki a da ba. Asibitin yara na Titin Gidan Zoo, wanda daga baya aka sa wa sunan Khalifa Isyaku Rabi'u, an buɗe shi a Disambar 2017. Asibitin Hasiya Bayero da ke kusa da gidan Sarki, mai ɗauke da sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado, ya dawo aiki a Agustan 2023 bayan an gyara shi, kuma ranar da labarin ya bazu na ga matan unguwarmu suna yi wa juna barka kamar an yi haihuwa. Cutar shan inna ta asali, wadda ta bar mana guragu a kowane lungu, rabon da a same ta a Jihar Kano tun Yulin 2014, a Sumaila, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar ta ƙare a Afirka baki ɗaya. Duk damina ana bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, abin da iyayenmu ba su sani ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2018 cikin kowane yara dubu da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai wa shekara biyar. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya sauko zuwa 110. Alhamdu lillahi. Amma 110 ɗin nan 'ya'yan mutane ne, kuma kowa ya san yankinmu na Arewa maso Yamma ne ke ɗauke da kaso mai nauyi a ciki.

Ga abin da ke raina, ranku ya daɗe. Idan aka tashi auna ci gaban asibitin yara, da rana ake aunawa. Ana zuwa da hantsi, an share harabar, fenti na ƙyalli, an shimfiɗa sababbin zannuwan gado, a yanka kirtani a ɗauki hoto. Mu kuwa da dare muke auna shi, domin ciwon yaro ya fi son dare. Da ƙarfe biyun dare babu wanda ke ganin fenti. Abin da ake nema a wannan lokaci biyar ne: wuta, iskar oksijin, ma'aikaciyar jinya da ba ta galabaita ba, jini, da maganin da ba sai an fita titi nemansa ba.

Bari in ba ku labarin dare ɗaya. Ba zan kama sunan asibitin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba, kuma ma'aikatan da na tarar a daren nan sun yi abin da ya fi ƙarfinsu.

Yaron nawa ya wuni da zazzaɓi, bayan sallar isha'i sai ya fara riƙe ƙirji, numfashinsa na fita sama-sama. Duk uwar mai sikila ta san wannan ba abin jira ba ne. Muka tari adaidaita sahu. Wuri na farko aka ce babu gado. Na biyu ma haka. A na uku wata nas ta dube shi, ta maƙala masa 'yar na'urar nan a yatsa, lambar da ta fito ta gaza 90, wanda ke nufin jininsa ba ya samun isasshiyar iska. Ta ce, "Baiwar Allah, gado dai babu, amma ba zan bar ki ki koma da shi a haka ba." Aka matsar da wata yarinya gefe, aka kwantar da shi a ƙafafunta. Na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki tana nan a kusurwa, tana ƙara a hankali, aka sa masa robar a hanci. Bai fi minti arba'in ba aka ɗauke wuta.

Shirun da ya biyo baya, har gobe ina jin sa a kunnena. Fanka ta tsaya, na'urar ta yi tsit, iyaye suka fara salati. Aka ce janareta sai an taso mai kula da shi. Tukunyar oksijin guda ce tak a ɗakin, yara uku ke buƙatarta, sai nas ɗin nan ta riƙa zagayawa da ita, wannan ya sha kaɗan a kai wa wancan. Kanular hannun ɗana ta goce, ta sa wayarta a baki, fitilar na haska bayan hannunsa, tana laluben jijiya da yatsa ɗaya. Ita kaɗai ce a ɗakin tare da wata ɗaliba mai koyon aiki. Ɗana ya rayu, Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Da asuba na ga an naɗe wani jariri a zanin uwarsa an fita da shi. Ban san me ya kashe shi ba, ba kuma zan yi wa kowa ƙage ba. Na dai san ɗakin ya yi fiye da awa ɗaya cikin duhu.

To, wannan shi ne ƙorafinmu na farko, kuma shi ne babba. Mun san wuta ta yi tsada. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, manyan asibitoci a faɗin ƙasar nan suke kuka, dizal kuma ba a magana. Amma ɗakin gaggawa na yara da ɗakin jarirai ba sa cin wutar da ta fi ƙarfin sola da batura. Bakwainin da ke cikin kwalba, da jaririn da shawara ta kama yake kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila, da mai nimoniya da ke shaƙar oksijin, duk rayuwarsu a kan waya ɗaya take rataye. Shawarar jarirai idan ta yi yawa ba a magance ta ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi da kurumta ko ya kasa riƙe wuyansa har abada, alhali fitila ce kawai maganinta a yawancin lokuta. Jihar da ke iya haska manyan tituna da fitilun sola ba za ta kasa haska ɗakin jarirai ba.

Na biyu, ma'aikata. Gini ana gama shi a shekara ɗaya, amma likitan yara sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki da ta bautar ƙasa, sannan ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida kafin ya zama ƙwararre. Sai ya gama nuna, sai Saudiyya ko Ingila ta ɗauke shi. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci wajen dubu 16 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Wanda bai haye ba kuma, da zarar ya ga gurbi a asibitin tarayya sai ya koma, don albashin ba ɗaya ba ne. Ba na ganin laifinsu, su ma suna da bakunan ciyarwa. Wanda ya rage shi ke ɗaukar aikin mutum uku. Mukan yi ƙorafin cewa nas-nas suna da faɗa, ni ma na sha tsawa, na sha kuka a bayan ɗaki. Amma ranar da na ga mace ɗaya ta kwana a tsaye kan yara fiye da ashirin, da safe kuma wadda za ta karɓe ta ta makara saboda abin hawa, sai na rage jin haushi. Gajiya ba hujjar wulaƙanta mai jinya ba ce, amma wanda bai magance gajiyar ba, ba zai magance tsawar ba. Sabon asibiti ba tare da sababbin ma'aikata ba, raba waɗanda ake da su ne gida biyu, ɗakin da ke da nas biyu ya koma mai guda.

Na uku, maganar kyauta. An ce kula da ƙananan yara kyauta ne, kuma gaskiya akwai ranakun da na karɓi magani ban biya ko sisi ba, na gode Allah, na gode muku. Matsalar ita ce babu wanda ya san iyakar kyautar. Yau akwai, gobe a ce ya ƙare, a rubuta miki takarda ki tsallaka titi zuwa kemis. Kanula, safar hannu, ruwan da ake ƙarawa, sirinji, waɗannan ƙananan abubuwa su ke cinye aljihu. Uban da ya fito da naira dubu biyu saboda ya ji a rediyo an ce kyauta ne, shi ake barin tsaye a tagar kemis yana kiran 'yan uwa a waya da tsakar dare. Wani daga nan ba zai sake dawowa asibiti ba, zai ce ƙarya ake yi. Kuma ba a ce babu hanyoyin kuɗi ba. Akwai asusun tallafa wa kiwon lafiya na jiha, wato KHETFUND, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, akwai hukumar samar da magunguna ta jiha, ga kuma kason da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware don kiwon lafiya a matakin farko. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mu ba mu iya karanta kasafi ba. Abin da muke iya karantawa shi ne kantar magani, ko cike take ko wayam.

Jini kuwa nasa daban ne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse, tafin hannunsa ya yi fari fat, awanni kaɗan gare shi. A wannan halin ake cewa a kawo wanda zai ba da jini, uba ya bazama neman ƙanensa a Kurna ko Ɗorayi, ko ya faɗa hannun 'yan sayar da jini da ke raɓe a bakin ƙofa. Leda ɗaya da ke ajiye a firiji mai wuta ta fi 'yan uwa goma da ke kan hanya.

Yanzu ku ba ni dama in daɗe kaɗan a kan sikila, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan dubu 150 ake haifa da shi duk shekara. Ni da maigidana duk AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon ciwon ba tare da ya bayyana a jikinmu ba, ba mu sani ba sai da ɗanmu yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana tsala kuka ba dare ba rana. Kafin nan an ce haƙori ne, an ce iska ce, an ce maita. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a 2024 abin a yaba ce, da tana nan a zamaninmu da wataƙila labarin ya bambanta, ko da yake ba zan musanya ɗana da kowa ba. Amma dokar nan 'ya'yan gobe take karewa. Waɗanda aka riga aka haifa fa?

Abin da ke ba ni takaici kuma yake ba ni alfahari a lokaci guda shi ne, amsar a Kano aka samo ta. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila kan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun kafin ya girma idan ba a yi rigakafi ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai, babu allura babu ciwo, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari. A ƙasashen Turawa irin wannan yaro ƙarin jini ake masa duk wata, abin da ba zai yiwu mana ba. Likitocinmu na Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Kaduna da na jami'ar Vanderbilt ta Amurka, su suka yi binciken da ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya, ko da ɗan kaɗan ne a kullum, yana rage wannan haɗari. Duniya ta karanta ta amfana. To, ya kamata a ce yaron Rogo da na Doguwa sun riga na ko'ina cin moriyarsa. Amma uwa nawa a karkara ta taɓa jin akwai irin wannan gwaji? A layin asibiti na sha haɗuwa da matan da suka taso tun asuba daga nesa, suka kashe kuɗin mota fiye da kuɗin maganin. Na san yarinyar da take jan ƙafa yanzu, bakinta ya karkace, shekararta bakwai, ba a taɓa ɗora mata na'urar nan ba sai bayan abin ya faru. Kuma har yau yawancin jariranmu ba a gwada jininsu lokacin haihuwa, sai ciwo ya bayyana kansa, alhali ɗigon jini daga dunduniya ya isa a gane, a fara ba yaro kariya tun yana zanin goyo.

Na huɗu, damina da "babu gado". Daga Yuli zuwa Oktoba abu uku ke haɗuwa: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace. Sai ka ga ɗakin da aka yi don yara talatin ya ɗauki ninkinsu, biyu ko uku a gado guda, mai gudawa kusa da mai jijjiga. A nan na zauna kwana shida kusa da wata baiwar Allah daga wani ƙauye a kudancin jiha. Ɗanta ya haura shekara biyu amma kai ka ce ɗan wata tara ne, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafu sun kumbura. Da aka zagaya masa tef ɗin nan mai launi uku a damtse, sai ya tsaya can cikin ja, ƙasa da santimita 11 da rabi. Akuyarta ta sayar ta zo. Ta ce mini ta je asibitin garinsu sau biyu, abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa ya ƙare. Da ta samu a can, da ba ta zo birni ta tare gado ba, da akuyarta na nan. Cunkoson asibitocin yara na birni daga ƙananan asibitocin mazaɓu 484 yake tasowa. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba zai yiwu a ce duk yaron da ciwo ya tsananta sai an kawo shi cikin ƙwaryar birni ba. Sannan babban kaso na aikin tamowa ƙungiyoyin waje irin su ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da UNICEF ke tallafawa, ga shi tallafin ƙasashen waje yana ja da baya tun farkon 2025. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da ba a ɗora ba da yunwa zai kwana.

Abin da ya fi ciwo a "babu gado" shi ne babu wanda zai ce miki ga inda gado yake. Ke za ki yi ta zagaye gari da yaro a kafaɗa, kowace ƙofa ki fara bayani daga farko.

Banɗaki, ruwan famfo, gidan sauro a kan gadaje, da wurin da mai jinya za ta shimfiɗa haƙarƙarinta, ba sai na tsaya a kansu ba. Abin kunya ne dai yaro ya zo da karaya ya koma gida da zazzaɓin da sauron asibiti ya ba shi.

Akwai wani abu da ba ya cin kuɗi, shi ne bayani. Kano tana da tabo a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a binciken da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa mutane suka gaskata jita-jitar da ta kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi. Kuma da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, galibinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba, alhali allurar nan ta sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu tana kare shi, kuma kyauta ce. Ba na wanke mu iyaye. Muna da laifi: mukan tsaya a kemis kwana uku, mu jiƙa sassaƙe, sai yaro ya fara sandarewa mu kwaso shi a guje mu ɗora wa likita. Amma yarda ba a umarni take zuwa ba. Uwar da aka gaya mata da Hausa, cikin mutunci, sunan ciwon ɗanta da abin da allurar nan za ta yi masa, ita ce za ta koma unguwa ta ja maƙwabciyarta zuwa rigakafi. Wadda aka ce wa "ke dai riƙe shi" kawai, wani labarin za ta kai gida.

Sai maganar da na fi jin nauyin faɗa, amma dole ce. Asibitocin yaranmu sun sha wahalar siyasa. Ginin na Titin Gidan Zoo an fara shi tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya sauka a 2011, ya yi shekaru a tsaye kafin a kammala. Na Hasiya Bayero kuma an rufe shi a gwamnatin da ta gabata, har aka yi ta musayar yawu kan ko sayar da shi aka yi ko sauya masa aiki za a yi. Ba zan shiga wannan gardama ba, ba ni da ja ba ni da fari a ciki. Abin da na sani shi ne zazzaɓi bai tafi hutu ba a waɗannan shekaru, kuma yaro ba shi da katin jam'iyya. Abin da ya faru sau biyu zai iya faruwa sau uku, idan ba a ɗaure shi da doka ba.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kafin ruwa ya zauna, a ba kowane ɗakin gaggawa na yara da kowane ɗakin jarirai a asibitocin jiha wutar sola mai zaman kanta, wadda ba ta haɗa layi da ofisoshi ba, a kuma ɗora wa wani mutum takamaimai alhakin kula da baturanta, don mun ga sola da yawa da suka mutu bayan shekara ɗaya saboda babu mai goge musu ƙura. A tanadi tukwanen oksijin na ko-ta-kwana a kowane ɗaki, da 'yar na'urar yatsa a hannun kowace nas, har a asibitocin karkara.

A ɗauki ma'aikatan jinya da likitocin yara daidai da yawan gadajen da aka ƙara, a gyara albashinsu yadda ba zai yi nisa da na tarayya ba, a ba masu aikin dare da masu zama a karkara alawus ɗin da zai sa su zauna. Idan kuɗi bai isa a yi sabon gini a kuma ɗauki ma'aikata ba, mun yafe ginin bana.

A rubuta jerin abin da yake kyauta, da Hausar boko da ajami, a manna a ƙofar kowane ɗakin yara, da lambar wayar da za a kira idan an ce babu, kuma a sa mai ɗagawa. A ajiye akwatin gaggawa a kowane ɗaki, yadda za a fara yi wa yaro aiki kafin a tambayi ubansa ko sisi. A shirya gangamin ba da jini a masallatan Juma'a da manyan makarantu da kasuwanni irin su Kwari da Singa tun kafin Agusta, mutanen Kano ba su da rowa idan an yi musu bayani.

A buɗe layin waya guda da ke haɗa ɗakunan yara na Murtala da Nassarawa da Hasiya Bayero da Titin Gidan Zoo da Asibitin Malam, yadda babu yaron da za a sallama da "babu gado" sai an faɗa wa uwarsa inda gado yake, an kuma sanar da can cewa tana tafe.

A kai gwajin sikila na jarirai duk inda ake karɓar haihuwa, a kai na'urar auna jijiyoyin kai manyan asibitocin Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye da Wudil tare da horar da masu aiki da ita, a kuma sa haidiroksiyuriya cikin magungunan da ba a yarda su yanke ba. A ware kuɗin jiha, ba na masu tallafi ba, don sayen abincin masu tamowa, a kai shi ƙauyuka kafin hanyoyi su lalace.

Muna roƙon Majalisar Dokoki ta yi dokar da za ta hana kowace gwamnati rufe asibitin yara, ko sayar da shi, ko sauya masa aiki, sai da amincewar majalisa da jin bakin jama'a. Kuma duk wata uku a riƙa fitar da alƙaluma a fili: yara nawa aka kwantar, nawa aka sallama, nawa suka rasu, awa nawa aka yi babu wuta. Ba don a kunyata kowa ba, don mu ma mu ga ci gaban da idonmu mu taya ku faɗa.

Roƙo na ƙarshe ba ya buƙatar kasafi. Mai Girma Gwamna, Mai Girma Kwamishina, ku zaɓi dare ɗaya a watan Agusta, kada a sanar da kowa, babu jiniya babu 'yan jarida, ku shigo ɗakin gaggawa na yara da ƙarfe biyu. Ku taho da takalmin da ba kwa jin tausayinsa, don sai kun tsallake tabarmi kafin ku kai gado na farko. A kan ɗaya daga cikinsu wataƙila ku same ni.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa mai jinya, daga birnin Kano.